Jakar Iska da Madubin Mahir

Talata, 9 ga Agusta 2005, da hantsi

Ya kai littafi mai jan bango, ɗan asalin shagon Madam Doofan, ma'ajin hikima, aminin waɗanda aka zalunta! Ya ku al'ummar da za ta zo bayanmu, malamanta da ɗalibanta, da masu binciken tarihin manyan mutanen Lafiya! Ya ku ƙudajen da suka halarci wannan zama ba tare da katin gayyata ba! Bayan gaisuwa mai yawa, da neman izinin shugaban taro, wanda shi ne ni, ina mai baƙin cikin sanar da ku cewa ni Mahir, mai gabatarwa a wuraren biki da suna, wanda lasifika ke rawa in ya riƙe ta, ina kwance a ɗakina an ƙunshe ni kamar alale.

Jiya aka sallamo ni daga asibiti. Hancina ya karye, an mayar da shi inda aka ga dama. Kuncina na dama da wuyan hannuna na hagu sun ƙone ba tare da wuta ba. Kunnena yana ƙugi kamar rediyon da ya rasa tasha. Akwai kuma idon dama, yana ƙarƙashin auduga, yana jiran likitan ido na Jos ya yanke masa hukunci a ƙarshen wata, in kumburi ya saɓe. Ba zan tsawaita a kansa ba. Ba ya cikin ajandar yau.

Wanda ya yi mini wannan aika-aika ba ɗan fashi ba ne. Abin da Bature ya ƙera musamman don ceton raina ne. Masana na kiransa jakar iska. Mutanen unguwarmu na ce masa balan-balan.

Abin da ke cikin ajanda shi ne madubina. Ƙarami ne, mai koren baya, ya ɗan tsage a kusurwa, a jikin ƙusa yake rataye kusa da ƙofa. Na dawo na tarar da ƙusa ita kaɗai. Na kira ƙanwata Mutmainna don ta yi wa majalisa bayani.

"An kai shi gyara, Ya Mahir."

"Madubi ake kai wa gyara?"

"Yanzu ana kaiwa," in ji ta, ta fice.

Laraba, 10 ga Agusta, bayan azahar

Don amfanin masu tarihi, ga yadda abin ya faru.

Yaya Babandi, wana, dillalin doya, ya je Kwatano ya dawo da mota ruwan toka, wadda wani Bature ya gaji da ita. Kamar yadda aka saba, aka yi wankan mota. Inna ta dafa shinkafa, liman ya yi addu'a, ni kuma na riƙe lasifika na kwatanta motar da jirgin sama wanda tawali'u ya hana shi tashi.

A jikin dashbod, daidai gaban kujerar mai zaman gaba, akwai wani fili shafaffe mai kusurwa huɗu, an zagaye shi da siririn layi. Aka yi muhawara a kansa. Maƙwabcinmu Baba Ashafa ya ce nan Bature ke ɗora kofin shayi. Masu rinjaye suka ce wurin ado ne, tunda mota ba ta zama mota a garin nan sai an yi wa gabanta kwalliya. Sai wani hannu ya fito da kwalbar turaren mota, ta gilashi mai kauri, da kambin ƙarfe a kanta. Hannun ya matse sufa gulu har sai da ya tsiyaya, ya danna kwalbar a tsakiyar filin nan. Mai hannun ya ce ko girgizar ƙasa ba za ta ɗaga ta ba. Jama'a suka tafa.

Ba wanda ya san cewa filin nan murfi ne, kuma akwai abin da ke kwance a ƙarƙashinsa yana jiran ranarsa.

Washegari muka kama hanyar Assakio don manoman da ke ba Yaya doya su ga motar. Yana tuƙi, ina gefensa na jingina gaba ina neman tasha a rediyo. Wani ɗan acaba da ya ɗaure doya har ta fi shi tsawo ya faɗo titi. Yaya ya kauce, muka daki kwalbati. Ina roƙon masu tarihi su rubuta da jan biro cewa gudun da muke yi, akuya mai ciki za ta iya wuce mu.

Na ji ƙara kamar bindigar maharba. Na ga fari. Na farka a bakin titi cikin farin gari, jini na zuba, ina ƙamshin lemon tsami kamar sabulun wanka.

Jakar iskar gefen direba ba ta fito ba. Da bakanike ya buɗe sitiyarin, tsumma ya tarar a ciki, ashe an sace ta tun kafin motar ta shigo ƙasar nan. Wato wanda aka sace wa kariyarsa ya fita ko ƙwarzane babu, wanda aka bar wa tasa kuwa ga shi nan yana rubutu a karkace.

Juma'a, 12 ga Agusta, da la'asar

Masu dubiya sun yi yawa, sai dai ba ni suke dubawa ba. Sukan leƙo su ce sannu, su zarce bayan gida inda aka jawo motar, su yi layi suna taɓa jakar da ke reto kamar harshen saniya.

Baba Ashafa ne kaɗai ya zauna. Ya dubi silin, ya dubi tabarma, ya dubi farcensa, sannan ya ce, "Ɗana, ka gode wa Allah. Ba don balan-balan ɗin nan ba, da yanzu muna cin ƙosan sadakarka."

Na ce, "Baba, motar ko fitila ba ta fasa ba."

"To ka gani! Aikin balan-balan ke nan."

Na nemi in yi masa bayani a ilmance, hancina ya ƙi ba ni haɗin kai. Haka kowa ke faɗi, ta cece ka, ta cece ka. Ban taɓa ganin wanda aka mara, aka kuma umarce shi ya rubuta wa tafin hannun takardar godiya ba, sai ni.

Asabar, 13 ga Agusta, da safe

Madubi bai dawo daga gyara ba.

Litinin, 15 ga Agusta, da hantsi

Ina sanar da majalisa cewa an ƙulla makirci a gidan nan, kuma Inna ce shugabarsa.

An canja mini cokalin ƙarfe da na roba. Agogon bango ya ɓace, wai batirinsa ya mutu, alhali ina jin bugunsa daga ɗakin Inna. An liƙe gilasan taga da tsohuwar jarida, wai haske na cutar da ni. An lulluɓe talabijin da zane kamar mai jin sanyi. Ruwan wanka ma a baƙin bokiti ake kawo shi, an riga an kaɗa sabulu ya yi kumfa. Duk abin da zai iya nuna wa mutum fuskarsa an kore shi daga ƙasar nan ba tare da shari'a ba.

Abokina Torkuma ya zo. Tun firamare muke tare, kuma a sanina ban taɓa ganinsa ba tare da baƙin tabarau ba, ko a cikin ruwan sama. Yau ya shigo da idanunsa tsirara yana ƙifta su, domin Mutmainna ta karɓe tabarau ɗin a zaure.

"Furofesa!" in ji shi. "Kai, mota ya gama da kai fa!"

Mutmainna ta yi tari daga bakin ƙofa.

"A'a, ina nufin ka yi ƙiba. Hutu ya karɓe ka."

Na ce, "Torkuma, don girman Allah da zumuncin da ke tsakanin Tibi da Hausa, yaya fuskata take?"

Ya dube ni sosai. Shi ne mutum na farko da ya yi haka.

"Fuska yana nan, oga. Hanci yana nan, baki yana nan. Ba wanda ya gudu. Sai dai sun ɗan canja layi."

Na yi dariya har ɗinkin ya ja ni. Da zai tafi ya rage murya ya ce, "Yayan ka yana bayan gida, cikin mota. Ba ya kunna shi. Yana zaune kawai, a kujeran ka."

Ban tambaye shi wannan ba. Ban san abin da ya sa mutane ke amsa tambayar da ba a yi musu ba.

Talata, 16 ga Agusta, da yamma

Da ni sarki ne, da na ba da rabin mulkina a kan gasasshiyar sabuwar doya da manja da ɗan yaji. An hana ni komai sai kunu da faten da ba shi da manufa.

Laraba, 17 ga Agusta, da azahar

Gasasshiyar doya ta iso, da manja, da yaji.

Ban faɗa wa kowa ba. A nan kaɗai na rubuta. Na kuma lura da wani ɗan yatsa na manja a gefen shafin jiya, ƙarami, irin na mai yanka albasa a gidan nan. Ashe littafin sirrina yana da masu karatu tun ina raye. Ina yi wa wannan mai karatu maraba, ina kuma tunatar da ita cewa ba a naɗe kusurwar shafi.

Juma'a, 19 ga Agusta, bayan masallaci

Wankin ciwo a asibiti. Inna ta tsaya a bakin titi tana sallamar tasi ɗaya bayan ɗaya, har ta samu wadda ba ta da madubi ko na ciki ko na gefe. A Lafiya wannan bincike bai ɗauke ta lokaci ba.

Sista Ursula ce nas ɗin da ke kula da ni, mace mai hannun ƙarfe da zuciyar auduga. Akwai farantin silba mai ƙyalli da take ɗora almakashi a kai. Ina karkata wuya a hankali, sai ta jefa tawul a kansa.

"Maman ka ya riga ya gaya mini. Zauna daidai, abeg."

"Sista, tauye haƙƙin ɗan ƙasa ne wannan."

"Ka kai ƙara. Rufe ido mai kyau ɗin."

Na rufe na hagu. Ta ɗaga audugar, na ji ta danna tocila, ƙyas.

"Ka ga wuta?"

Amsar da na ba ta tsakanina da ita ce. Ta mayar da audugar a hankali fiye da kullum, ta ce likitan Jos yana da injuna manya, ita tocila kawai gare ta. Daga nan ba ta ƙara yi mini tsawa ba, abin da ya fi komai ɓata mini rai.

Asabar, 20 ga Agusta, da la'asar

Ana biki a layin baya. Ni aka yi wa alkawarin lasifikar, yanzu tana hannun Ɗanliti, yaron da bai san bambancin maraba da ban kwana ba. Ya kira uban ango da marigayi, alhali mutumin yana zaune a gaba yana cin kaza. Da kunne ɗaya na ji, kuma ya ishe ni.

Lahadi, 21 ga Agusta, da safe

Na zuba shayi, ya sauka a kan tabarma, kofin yana gefe yana kallona. Na sake, na sake zubarwa. Ina ganin kofin sarai. Ba ya inda nake ganinsa ne kawai.

Na yi jifa da butar. Ba ta samu bangon da na nufa ba.

Talata, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Akwai wasu takalma a gidan nan da na san tafiyarsu tun ina rarrafe, na dama yana ɗan jan ƙasa. Kullum bayan la'asar sukan taho ta tsakar gida, su tsaya a bayan labulena. Ina ganin hancinsu ta ƙasa. Sukan daɗe. Sannan a rataya leda a jikin ƙusar madubi, ta hanyar zuro hannu kawai: tsire, ko lemo, ko batirin rediyo. Sai su juya.

Tun ranar da mai takalman ya ɗauko ni a kafaɗa daga bakin kwalbati yana kiran sunana kamar mai kiran salla, ban ga fuskarsa ba. Shi ma bai ga tawa ba.

Yau na ce, "Yaya?"

Takalman suka tafi da sauri, har ɗaya ya kusa cirewa. Mutumin da ke tsayar da babbar mota da tsawa ɗaya a kasuwar doya, yau labule ya gagare shi.

Tsiren ya yi yaji da yawa. A rubuta.

Laraba, 24 ga Agusta, da hantsi

Ina jin wani kankare-kankare daga bayan gida tun safe. Na tambayi Inna ko ɓera ne ya samu aikin gwamnati. Ta ce Yaya ne da reza. Gindin kwalbar nan yana nan manne a jikin murfin, saman ne da kambin suka tashi. Yana ta kankara, gindin ya ƙi fita, ya yanke yatsa, ya ƙi dainawa.

Sufa gulu dai ya cika alkawarinsa. A duk wannan labari shi kaɗai ne ya yi aikin da aka saye shi dominsa.

Na ce wa Inna, "Ki ce masa ya bari."

Ta ce, "Kai ka faɗa masa."

"Ta ina? Ta ƙasan labule?"

Ta ɗauki kwanon kunu ta fita tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Asabar, 27 ga Agusta, da yamma

Gemuna ya fito a gefe ɗaya kamar gonar da aka raba gado. Yana ƙaiƙayi. Madubi yana wurin gyara.

Litinin, 29 ga Agusta, da magariba

Gobe Jos.

Laraba, 31 ga Agusta, da azahar

Mun dawo.

Juma'a, 2 ga Satumba, da hantsi

Sanarwa ta musamman daga ofishin Mahir.

Ana sanar da jama'a cewa Malam Idon Dama, bayan shekaru yana hidima ba dare ba rana, a makaranta da filin ƙwallo da wuraren biki inda ya yi fice wajen hango 'yan mata daga nesa, ya ajiye aiki. Likita ya duba da injunansa manya, ya ce kujerarsa za ta ci gaba da zama a inda take, amma ba zai ƙara sa hannu a kan komai ba. Abokin aikinsa na hagu zai riƙe ofisoshin biyu. Ba a buƙatar zuwa gaisuwa. Wanda duk ya ce mini balan-balan ta cece ni, zan nufe shi da buta, kuma a wannan karon zan yi ta gwadawa har in samu.

Ƙarshen sanarwa.

Zan ajiye biro a nan. Sanyin Jos ne bai sake ni ba.

Asabar, 3 ga Satumba, da safe

Akwai abin da ban rubuta ba game da Jos.

Ƙofar asibitin gilashi ce tun daga sama har ƙasa, an goge ta tana walƙiya. Inna ba ta shirya wa wannan ba. Na ji ta tsaya cak, ta damƙe hannun rigata. Ga abin da na yi makonni ina farauta a cikin cokali da bokiti, an kafa mini shi kyauta, tsawon mutum.

Na sunkuyar da kai, na dubi takalmina har muka wuce. Da za mu fito ma haka.

Kada masu tarihi su ce tsoro ne. Tsari ne. Mutum mai daraja ba ya fara ganawa da sabuwar fuskarsa a ƙofar mutane, a garin da ba nasa ba, masu gadi na kallo.

Torkuma, da ya raka mu, ya taɓa ni a wurin ajiye motoci ya ce, "Furofesa, kar ka juya. Yayan ka yana gindin bishiya can. Motan kasuwa ya biyo mu tun asuba." Ban juya ba. Ta dama yake tsaye, ko na juya sai na juya da yawa.

Lahadi, 4 ga Satumba, kafin la'asar

Ya ke Mutmainna, 'yar Inna, shugabar hukumar leƙen asiri ta wannan gida, mai yatsan manja, wadda na san za ta buɗe wannan shafi da zarar na shiga wanka! Ki tsaya ki karanta a tsanake, sannan ki ɗauki littafin nan yadda yake ki kai bayan gida, ki ƙwanƙwasa gilashin mota, ki miƙa. Na ba ki izini. Wannan ne karo na farko da za ki karanta shi da halal.

Ya kai Yaya Babandi, sarkin dillalan doya, mai takalmi mai jan ƙasa!

Na duba shari'ar nan ta kowane gefe da idon da ya rage. Bature ya ɓoye bindiga a cikin akwati bai gaya wa kowa ba. Ɓarawo ya sace taka ya bar tawa. Baba Ashafa ya ce wurin shayi ne. Unguwa guda ta tafa. Kai turare ka saya don motarka ta yi ƙamshi in ƙaninka ya shiga. Kotu ta tashi, ba ta da lokacin wannan ƙara, kuma ta gaji da tsire a jikin ƙusa.

Duk wannan rubutu da na yi tun daga shafin farko, da gaisuwa da ajanda da sanarwa, shimfiɗa ce. Ga ainihin buƙatar.

Gemuna yana ƙaiƙayi.

Ina so a dawo mini da madubina mai koren baya. Na san yana ƙarƙashin katifar Inna, na ji ƙararsa da ta zauna. Ba na son sabo, ba na son na kowa. Kuma kasancewar hannuna na hagu yana cikin bandeji, na dama kuma zai riƙe reza, dole a samu wanda zai riƙe mini shi daidai fuskata, ya tsaya a gabana har in gama, ko da zan daɗe kafin in fara. Mutmainna gajeriya ce. Inna za ta yi kuka ta girgiza shi. Torkuma zai yi sharhi.

Saura kai.

Bayan la'asar, in takalman nan sun iso labule, kada su tsaya. Ka shigo da su ma in ka so, tabarmar ta riga ta sha shayi.

Ka taho da sabuwar reza. Ba wadda ka kankare gulu da ita ba.